Fararen Kayan Uwar Barde

Shekara tara ina fassara fina-finan China a Garwa, kuma ban taɓa canza ƙarshen labari ba sai da Hidaya ta sa ni. Aikina ba ɓoyayye ba ne. Ina karanta Faransancin da ke ƙasan hoto, in ɗora muryata da Hausa, in zuba wa mutane a waya ko a kati. Sunayensu masu karya harshe nakan canza, wannan ya zama Barde, wancan Waziri Mai Gemu. Amma wanda ya mutu a fim, a bakina ma ya mutu. Masu yi wa labari ƙari don a yi dariya, ko gaisuwa ba ta haɗa ni da su.

Hidaya ƙanwar Mahamat ce, wani direban babbar mota da ya daɗe yana sayen fim a shagona. Mako uku kafin nan motarsa ta kife a hanyar Tibati, a can aka binne shi. Na sani, don na je gaisuwa gidan kawunsu. Abin da ban sani ba shi ne har ranar ba a gaya wa mahaifiyarsu ba.

Da safiyar Litinin ta shigo, ta zauna a benci tun ban ce ta zauna ba.

"Ziyad, kashi na sittin ya fito?"

"Jiya na gama shi."

"Barde ya mutu?"

"Kibiya bakwai, a bakin ƙofar gari."

Ta rufe fuska da gyale. Da ta buɗe sai ta yi mini bayani. Mahaifiyar tasu, Hajja Ache, ta samu shanyewar ɓarin jiki wata biyu da suka wuce, likita ya ce duk wani tashin hankali zai iya tafiya da ita. Shi ya sa aka yi zaman makoki a gidan kawu, aka ce mata Mahamat yana daji inda waya ba ta shiga. Shi kuwa wannan fim ɗin, Mahamat ne ya fara kai mata, tare suke kallo duk sanda ya sauka. Barde kullum yana bakin daga, in ya dawo ya durƙusa gaban uwarsa, don haka Hajja ba ta kiransa da komai sai "Mahamat ɗina".

"Jininta ya hau, tansiyonta jiya har sha tara," in ji Hidaya. "Kullum sai ta tambayi na sittin. Ka raya shi, Ziyad."

Raina ya ɓaci. Na ce mata ni ba maƙaryaci ba ne, ta je ta nemi masu wannan sana'ar, sun cika kasuwa.

"To ka zo ka kunna mata na gaskiyan da hannunka," ta ce, "ka tsaya ka ga abin da zai faru."

Na jawo kwamfutata na buɗe kashi na sittin.

Kwana biyu ina kan aikin. Kibiyoyi biyar na yanke, na bar biyu, ɗaya a kafaɗa ɗaya a cinya. Na yanke akwatin gawa duk inda ya leƙo. Abin da ya gagare ni shi ne jerin gwanon ƙarshe, don in na cire shi fim ɗin ba shi da ƙarshe. Gari ne kaf ya fito cikin fararen kaya, ana watsa takardu sama. A wurinsu fari kayan makoki ne, takardun kuma guzurin mamaci. A wurinmu kuwa fari na Juma'a da Sallah ne. Sai na ce Barde yana jinya a kan dutse wurin wani mai magani, gari ya fito murnar nasara, takardun nan liƙi ake yi. Na saurara sau biyu, ya zauna daram. Har ɗan alfahari na yi, Allah Ya yafe mini.

Ranar Laraba bayan azahar Hidaya ta kira ni. Talabijin ɗinsu ya ƙi karɓar katin, Hajja kuma ta ƙi cin abinci sai ta gani. Dole in zo da kwamfutata. Na so in ce ba na gari, amma ta riga ta ji hayaniyar layinmu a waya.

Zafin Afrilu ne, irin wanda fanka ba ta yi masa komai. Na tarar da Hajja a kan katifa, an jingina ta da bango, hannunta na hagu a kwance bisa cinya. Na'urar awon jini tana kan faranti kusa da ita. Na durƙusa na gaishe ta.

"Kai ne mai muryar?" Maganarta tana ɗan ja, amma idonta tar yake.

"Ni ne, Hajja."

"Mahamat ya ce duk garin nan kai kaɗai ne ba ka ƙari."

Na ce na gode, na sunkuya kan wayoyi ina jonawa don kada ta ga fuskata.

Fim ya fara. Barde shi kaɗai a bakin ƙofar gari, takobi biyu, yana tashi sama yana sauka a kan tsinin mashin abokan gaba. Ni ba shi nake kallo ba. Ƙirjin Hajja nake kallo, yadda yake hawa da sauka. Da kibiya ta farko ta shige shi ta ce, "Ya Salam." Da ta biyu ta damƙe zanin gado da hannunta mai lafiya. Hidaya ta matso bayanta. Sai ga muryata daga kwamfuta, cike da fara'a: "Kada ku damu, jama'a, namiji ne, zai tashi!" Hannun Hajja ya saki zanin.

Saura minti huɗu. Jerin gwano ya fito, muryata tana ta kirari da zancen liƙi.

"Tsayar," in ji Hajja.

Na tsayar. A allon, uwar Barde ce a gaba cikin farin mayafi, mata biyu sun riƙe ta ta kowane gefe.

"Mayar baya kaɗan. Kuma ka kashe muryar nan taka."

"Dada, bari ya ƙare mana, abincinki yana hucewa," in ji Hidaya.

Hajja ko juyowa ba ta yi ba. Na mayar, na kashe sauti. Muka kalli tsohuwar nan tana jan ƙafa cikin shiru. Hajja ta sa na sake mayarwa, har sau uku.

"Wa ake riƙewa haka a wurin biki?"

"Tsufa ne, Hajja, ga kuma farin ciki ya yi mata yawa."

"Ziyad." Ta ɗan dakata ta haɗiye yawu. "An fita da mijina daga gidan nan, an fita da 'ya'yana biyu. Na san yadda ƙafar mace take in an ɗauke mata nata. Faɗa mini da bakinka, me ya samu yaron nan?"

Hidaya tana bayanta tana girgiza mini kai, hawaye na zuba. Tsoro ya kama ni sosai. In na faɗa, ƙila in kashe matar nan a zaune. In na ƙi, ta riga ta gani.

"Ya mutu, Hajja. Kibiya bakwai ne. Wannan jana'izarsa ce."

Numfashinta ya sauya. Wata jijiya ta taso a gefen goshinta. Hidaya ta rarumo na'urar awo, Hajja ta ture na'urar, farantin ya kife a siminti.

"Ba wanda zai ɓata kwanakinsa yana gyara mutuwar ɗan China saboda tsohuwa, sai da dalili," ta ce. "Hidaya, zagayo gabana."

Hidaya ta zagayo ta durƙusa.

"Mahamat ya rasu?"

"Dada…"

"Yaushe?"

"Yau kwana ashirin da uku. A hanyar Tibati. An yi masa sutura a can."

Hajja ta rufe ido. Na tsaya da yatsana a kan lambar likita a waya, ina jiran ta sulale. Leɓɓanta suka motsa da innalillahi, sau ɗaya, sau biyu, har na daina ƙirgawa. Ba ta faɗi ba. Da ta buɗe ido, Hidaya ta kalla, sannan ni.

"Kwana ashirin da uku ina roƙon Allah Ya dawo mini da shi lafiya," ta ce. "Shi kuwa yana kwance a can, gafara yake jira daga bakin uwarsa. Ko sau ɗaya ban roƙa masa ba. Kun hana ni."

Hidaya ta kifa kai a ƙafafunta tana kuka tana ba da haƙuri. Hajja ta janye ƙafar da take iya janyewa.

"Kukan ya jira. Ɗauko mini buta da tasa, ki juya ni gabas."