Gaɓa Ɗaya Ta Yi Yawa

...kuma wai gaɓa ɗaya ce kawai ta yi yawa. Ɗaya. Haka Mai Sikeli ya rubuta a zauren mawaƙanmu na waya tun da hantsi, ga shi rana ta take ban ba shi amsa ba. "Malama Mai Ɗinki, ɗangonki na farko gaɓa tara ne, sauran takwas-takwas. Ki cire 'da' ɗin farko, waƙa za ta zauna daidai." Ki cire. Kamar zare ne ya leƙo a bakin hannun riga, a sa almakashi, ƙit.

Dogo, ka ji fa abin da ake ce wa uwarka.

Ɗango wai layi ne. A zauren nan na koya. Ni da na tsaya a aji shida, ina zan san layin waƙa yana da suna? Yayarka ce ta jefa ni ciki, ta ce Umma kin cika magana da keke, gara ki yi da mutane. Ban san ina yi a fili ba. Ashe tun da aka kai ka nake taka feda ina jera magana, tana ji daga ƙofa... To ga mutanen. Ba mu taɓa ganin juna ba, kowa da sunan da ya laƙa wa kansa. Da yamma shugaban zaure zai tattara waƙoƙin da aka gyara, wanda bai maido tasa ba an wuce shi. Taka ce ta farko da na taɓa sakawa. Taka ce kaɗai ma nake da ita.

Rigar matar nan — ban kai ƙarshen kalmasa ba. Ta ce za ta zo bayan azahar. Baƙuwa ce a layin, jiya ta fara kawo ɗinki. Zaren ƙasa ya kusa ƙarewa, ina jin sautinsa.

Abin da na tura ke nan:

Da ina da da mai dariya,
Mai ci tsaye a tukunya,
Ba ya jira in sa miya.

Da, da, da. Ni ma da na sake dubawa sai da na ga abin kamar tafiyar agwagwa. Na ukun kai ne. Ɗa. Ƙugiyar ce babu. Tsohuwar wayar kai ka saita min, kana zaune a kan teburin yanka duk da na hana ka, ƙafafun nan har ƙasa — Umma ki danna d ki riƙe, zai fito da kansa, kar ki sake shi da wuri. Wannan sabuwar da yayarka ta sayo, in na danna na riƙe sai wasu tarkace su fito. Kai ba ka fitowa.

Yaron nan Tauraro shi ya fara magana. Fuskokin dariya har uku, da hawayensu. "Mama, wayar ce ta maƙale ko in'ina kike? Da-da-da!" Ban ji haushi ba, wallahi. To, na ji kaɗan. Amma irin maganarka ce sak, da kana nan da kai za ka riga shi, har ka ɗora mata kiɗa a bayan faranti. Mama yake ce min. Bai san fuskata ba, daga yadda nake rubutu ya gane na girme shi.

Sai Anti Nas. Ita ta gane ɗa ne, Allah ya saka mata. Amma ta ɗauki na farkon wani abu daban. "Ayya 'yar'uwa, Allah ya ba ki haihuwa, ba a yanke ƙauna. Na ga waɗanda suka samu bayan shekaru." Ta zaci cewa nake inda a ce ina da ɗa. Ta zaci ban taɓa... Ni da na yi naƙudarka har na ciji hannun ungozoma? Na riƙe wayar ina kallon addu'arta, ban san in ce amin ko in ce me ba. Addu'a ce mai kyau. Ta dai zo gidan da ba nata ba.

A baki ba sa rikicewa. Da na jiya daban, da na buri daban, kowanne da muryarsa, ko yaro ya sani. Rubutu ne ba shi da murya. Sai in danna in yi musu magana su ji da kunnensu, haka wasu ke yi, Tauraro har rerawa yake. Na gwada. Na kai "mai dariya" na kasa wucewa. Na goge.

Me ya hana in gaya musu kawai? Layi ɗaya: ɗana ne, ya rasu, mota ce ta buge shi a kan babur yana hanyar aiki. Shi ke nan. Na san abin da zai biyo baya. Zaure zai cika da Allah ya jiƙansa, hannuwa a ɗage jere-jere, Tauraro ya goge dariyarsa ya bi ni da ban haƙuri, Mai Sikeli ya ce a bar waƙar yadda take, ta yi kyau. Ta yi kyau! Ba wanda zai ƙara taɓa ta. Za su zagaye ta kamar yadda maƙwabta ke zagaye ni. Ka san ba sa ce min Umman Dogo yanzu? Mai Ɗinki. Har mai shagon gefe, wanda ka ja wa wuta kyauta, sai ya buɗe baki ya ce Umman... ya haɗiye, ya ce Hajiya. Sun cire ka daga sunana don kar su fama min. Ba wanda ya tambaye ni.

A zauren nan kaɗai ake kama ka da hannu biyu. A juya ka, a auna, a ce nan ya yi tsawo. Jiya wata ta ce "mai ci tsaye a tukunya" ya ba ta dariya, wai ƙaninta ne sak. Ta yi dariya da kai, Dogo. Rabon da wani ya yi dariya da kai...

Fankar nan tana ƙara. Ka ce za ka canja mata wani abu, ban riƙe sunan ba. Kullum gobe. Mai gyaran wutar gari, fankar uwarsa na kuka kamar akuya.

Kuma ba zan iya maido da tawa ba sai na biya ƙa'ida. Dokar zaure: kafin ka saka taka, ka duba ta wani, yabo ɗaya, gyara ɗaya. A saman zauren an rubuta gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Yabo ba wuya, madalla kawai nake rubutawa in gudu. Gyara fa? Wa ya aike ni gyara wa masu digiri magana? Kuma wanda ya faɗo min a wannan makon — ka ga ikon Allah — Tauraro ne.

Na karanta tasa ya fi a ƙirga. Da yakan cika waƙa da wata da taurari da idanun wata yarinya, wannan karon uwarsa ya rubuta. Wai ta dame shi da kira. Yana wurin aiki ta kira, ka ci abinci? Yana cikin abokai ta kira, ka sa rigar sanyi? Waya na rawa a aljihu yana ƙyale ta. Abin dariya ya mai da shi, kuma ya iya, har na murmusa. Ya rufe da cewa gobe zan kira ta in ji.

Muryarka nake ji: Umma na ci. Umma wallahi na ci, ki bar ni in yi aiki, ina saman tsani.

Ran nan ma na kira. Ta yi ta ringin. Na ce ga ɗan banzan nan ya ga sunana ya mayar aljihu. Har na shirya faɗan da zan yi maka, na ajiye maka abinci a rufe, na ce bari ya shigo... Wani ne ya ɗauka daga baya. Muryar da ban sani ba. Ke ce Umma? Haka ka sa min a wayar, shi ya sa shi ma ya ce Umma.

Allura. Na soki yatsa, kar jini ya taɓa rigar mutane. Tsumma... ga shi.

Me zan ce wa yaron nan? Ɗauki wayar uwarka — wannan ba gyaran waƙa ba ne, wa'azi ne, kuma an hana wa'azi a zaure. Ba ni na haife shi ba. Wataƙila ma uwar tasa mai takura ce da gaske, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma goben nan ta tsaya min. Go-be. Bari in ƙirga a yatsu yadda Mai Sikeli ya koya mana, a taɓa babban yatsa a kan gaɓoɓi. Go-be, biyu. Yau, ɗaya, ba za ta cika ba, zai ce na karya ma'auni. Yan-zu. Biyu! Yan-zu, go-be, nauyinsu ma ɗaya.

"Ɗana Tauraro. Yabo: rigar sanyin nan ta yi, na ga mamanka da idona. Gyara: a layin ƙarshe ka gwada sa yanzu a wurin gobe. Awonsu ɗaya, ba abin da zai ɓaci."

A wayar Dana ya fito, ba ƙugiya. Zai gane. Na tura. In ya ji haushi fa? In ya ce tsohuwa ta fara shiga abin da ba ruwanta? Alama ta nuna ya gani. Yana rubutu... ya daina. Yana rubutu. Ya daina.

Kai ma haka kake in na faɗi abin da ya shige ka. Sai ka hau sosa ƙeya kana duba silin, ka ce wayar wutar can ta saki.

Wani saƙo, ba a zaure ba, ni kaɗai. Mai Sikeli. Tsohon malamin makaranta ne, an ce, shi ya sa ko gaisuwa zai yi sai ya sa aya. Mutane na tsoronsa. Ya taɓa sa wani ya fita daga zaure a kan waƙafi. "Malama, na lura wayarki ba ta da baƙaƙe masu ƙugiya. Ga ɗa nan na aiko miki. Ki ɗauka ki ajiye, duk inda kike buƙata sai ki sa. Kada gyarana ya sa ki karaya. Ba na ɓata lokaci a kan waƙar da ba ta da rai."

A ƙasa, shi kaɗai a layinsa: ɗa.

Ga ɗa nan na aiko miki.

Bawan Allah. Bai san abin da ya rubuta ba. Yana can da tabarau, wataƙila yana shan iska a ƙofar gida, ya ga ya taimaki wata mai ɗinki da harafi. Ɗan ƙarami, baƙi, da kansa a sunkuye, kamar kai in za ka shigo ƙofar shagon nan — sau nawa ka buga goshi kafin ka koya? Ba zan yi kuka a kan yadin mutane ba, ruwa na barin tabo a irin wannan. Bari in matsar da shi.

Na kwafa. Na sa shi a wurinsa. Da ina da ɗa mai dariya. Yanzu ka fito, kowa zai gan ka. Saura na farkon.

Shi ne duk abin da ya faru fa. Motar, da asibitin, da mutanen da suka cika tsakar gida, da takalmanka da har yau ban ba kowa ba — duk a cikin haruffa biyun nan suke. Ni ban iya faɗin sauran ba, shi ya sa na dunƙule su na ajiye a bakin layi. Wata nawa na yi kafin bakina ya yarda ya furta shi? Yayarka ta sha gyara min, Umma, ba yana so ba, da yana so. Na koya da ƙyar, kamar haɗiyar magani ba ruwa. Yanzu na iya, sai a ce ya yi yawa?

In na bar shi, waƙa ta yi ɗingishi, kuma Anti Nas za ta ci gaba da roƙa min haihuwa. In na cire, na yi ƙarya. Ko ban yi ba? Mai Sikeli ya ce kunne ne alƙali, a karanta a fili, inda harshe ya yi tuntuɓe nan ne aibin. To bari in ji. Ba turawa zan yi ba, ji kawai. Yatsa a kan gogewa. Ɗaya... biyu.

Ina da ɗa mai dariya.

Ya zauna. Wayyo, ya zauna daidai, kamar rigar da aka yanka a jikin mai ita. Harshe bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ina da ɗa mai dariya, mai ci tsaye a tukunya, ba ya jira in sa miya... Ashe sauran layukan duk ba su san ka tafi ba. Ba ya jira, na ce. Ban ce bai jira ba. Ni na rubuta su da hannuna, ban lura ba sai yanzu. Na farkon ne kaɗai na tilasta wa.

Inuwa a ƙofa. Matar rigar ce, ta zo da wuri, jaka a hannu. Tun yaushe take tsaye? Ta ji ni. Tana murmushi.

"Ashe da saurayi a gidan. Allah ya raya miki shi."

Tana jira. Amin ake cewa, ko a ce ai ya rasu, ɗaya daga ciki, ba wuya. Wayar na hannuna, layin na nan ba a tura ba, rigarta ba kalmasa. Bakina a buɗe. Dogo, me zan ce mata...