Goron da Hashim Ya Ba Ƙaninsa

Tun ranar da Dokta Mu'minat ta kafa na'urarta a rumfar 'yan keke mai ƙafa uku ta Trans-Amadi a Fatakwal, tuwo ya daina yi wa Hashim daɗi. Daga jami'a ta zo, tana binciken ƙwaƙwalwar direbobi. Sai ta kifa wa mutum hula mai wayoyi, layuka su yi ta rawa a kwamfuta. Akwai wani bugun ƙwaƙwalwa mai tafiya sannu-sannu da take kira tita, shi ta fi sa wa ido.

Kowa gwaji ɗaya aka yi masa aka sallame shi. Gimba kaɗai, ƙanin Hashim, ta ce ya dawo ranar Laraba, wai titarsa ta fi ta kowa yawa. Ta gargaɗe shi kada ya sha shayi, kada ya ci goro.

Rumfa ta ɗauka. Ko mutum ɗaya bai tambayi matar ma'anar zancenta ba. Halinmu ke nan, da an ce "ya fi" sai tafi.

"Farfesa Gimba!" in ji Usaini mai faci. "Hashim, kai fa? Ko an leƙa an tarar ba kowa a gidan?"

Hashim ya yi yaƙe. Shi ya ɗauko Gimba daga Gumel, shi ya koya masa Fatakwal lungu-lungu. Yau shi ne ba kowa a gida?

Laraba da safe ya sayi manyan goro biyu.

"Ungo, ƙanena, ka ji ƙarfi."

"Yaya, ta ce kada..."

"Ita ta haife ka? Goron yayanka za ka mayar?"

Gimba ya rusuna ya karɓa hannu bibbiyu, ya cinye a gabansa. Hashim ya bi shi rumfa don ya ga faɗuwar farfesa.

Dokta ta daɗe tana duban layukan. "Me ka ci?"

Gimba ya sunkuyar da kai. "Goro."

Ta cire masa hular. "Malam Gimba, bugun nan yakan yawaita ne lokacin gyangyaɗi. Rannan idonka biyu, amma ƙwaƙwalwarka tana sulalewa barci. Tsorona kada haka kake da fasinja a baya. So na yi in sake dubawa kafin in tura ka asibiti. Yanzu goro ya dagula gwajin, na'urar kuma gobe za ta wuce Enugu."

Hashim ya tuna lotsewar da ke gefen keken Gimba, wadda ƙanin ya ce wai bas ce ta goge shi. Ya sa hannu a aljihun ƙanin ya zare makulli.

"Ba ka ƙara tuƙi sai an duba ka. Enugun ni zan kai ka."

"Iye!" in ji Usaini. "Farfesa har da direba!"

Rumfa ta bushe da dariya, aka baibaye Gimba ana yi masa sannu. Hashim ya damƙe makullin. Ko ciwon ma, Gimba ne ya samu.