Irin da Baba Ya Kai Fada

A shekarar fari ta biyu, abin da ya rage mana a gida tiya biyu ce ta irin hatsi, ɗaure cikin 'yar jakar fata. Mun ci dusa, mun ci ganye, mun sayar da akuyar ƙarshe, amma wannan jaka ba wanda ya taɓa ta. Idan ruwa ya sauka ba mu da ita, to gonarmu ta Droum ta kwana.

Sai ga Lawali, ma'aikacin aikin gona, wanda muke ce wa Mushe Lawali irin kiran Faransanci, da labari. Za a kwashi manoma ashirin a kamyo, babbar motar kaya, zuwa Damagaram a koya musu noman rani, in an gama a shiga da su fada su ba idonsu abinci. An sa sunana, an sa na babana, Nomau. Ni dai idona bai ce mini yana jin yunwa ba, cikina ne ke ƙara. Amma Baba da ya ji kalmar fada sai ya miƙe zaune.

"Ba a shiga gidan sarki hannu rabbana," in ji shi. "Ɗan Azumi, sauko mini da jakar nan."

"Baba, ziyara ce fa, ta kallo. Ba gaisuwa za mu ba."

"Ubana ya shiga sau ɗaya, da dami ya shiga. Ni in shiga da me? Da gemu?"

Na yi magana har miyau ya ƙafe. Wanda ya taɓa gardama da tsoho ya san tatsar bijimi ta fi sauƙi. Da safe yana alwala na juye irin cikin tulu, na tura bayan rumbu, na cika jakar da jar dawar taimako, wadda ko kaji sai sun yi shawara kafin su tsattsage ta. Na ɗaure bakin da irin ƙullinsa. Na ce a raina zai miƙa ta a ɗaure, a karɓa a ɗaure, kowa ya huta.

A Damagaram mun sha jawabi tun hantsi har azahar, kan benci, ba ko fura. Da aka sauke mu a Birni, unguwar fada, ƙafafuna sun riga sun yi nauyi. Direba ya ce awa ɗaya ya ba mu, wanda ya makara ya bi sawun taya.

Ashe ba mu kaɗai ba ne. Manyan motoci biyu sun sauke Nasara 'yan yawon buɗe ido da suka ratso hamada daga Agadas, jajaye kamar an gasa su, kowa da na'urar hoto a wuya. Su ma awa ɗaya gare su. Ga 'yan lakwal, yaran makaranta, a layi, ga mu. Aka tuɓe takalma a ƙofa suka yi tudu, aka cusa mu ciki.

Gini ne, ba ƙarya. Zaure ya ba ka zaure, katanga mai kaurin da mutum zai kwanta a kanta, rufi can sama, zane a bango. Amma ni ƙeyar mutane na fi gani. Mai zagayawa da mu ya yi wa Nasara bayani da Faransanci mai tsawo, mu kuma ya waigo ya ce, "Tambura ne," ko "Takubba ne," sai a ce mu matsa. Zafi, warin zufa, wani ya take maka yatsa, wani ya sa maka gwiwar hannu a haƙarƙari. Na gaji har na daina ɗaga kai. Baba kuwa yana rungume da jakarsa a ƙirji, duk dogarin da muka wuce sai ya rusuna.

A bakin wani babban ɗaki mai shimfiɗu, inda aka ce nan ake zaman fada, Baba ya tsaya cak.

"Baba Nomau, mu je," in ji Mushe Lawali. "Sarki ba ya zama yanzu. Kallo kawai muka zo."

"Ni ban zo kallon gidan mutum ba tare da na gaishe shi ba."

Layi ya cushe a bayanmu. Wani tsohon dogari da ke zaune a gefen ƙofar ya taso, ya tambayi abin da ake ciki, ya ce ba komai, a ba shi saƙon, zai isar. Na ji sanyi a raina, na ce an gama.

Baba ya durƙusa, ya yi jinjina ga ɗakin da ba kowa. "Allah ya ja zamanin sarki. Nomau ne daga Droum. Ba ni da dami bana. Amma ga iri, na gidanmu ne tun kakana, bai taɓa yankewa ba. Dogari, ka gani da idonka, ka faɗa masa yadda yake."

Sai ya kama kwance ƙullin. Ya zuba hannu ya ɗebo, ya buɗe tafinsa gaban dogari, gaban mutanen garinmu goma sha takwas. Jar dawa, har da 'yan ƙwarinta. Nasara suka yi ta ƙyasta hoto, su a ganinsu al'ada ce.

Baba ya daɗe yana duban tafinsa. Bai waigo ba. Dogarin ya kalle ni sau ɗaya, sannan ya tara hannu biyu ya karɓi jakar, ya rufe ta da hannun rigarsa. "Sarki ya gode," ya ce. "Shekarar ce haka, Malam Nomau. Sarki ya gode."

Wallahi da ya zage mu da na fi jin sauƙi. Sauran ɗakunan ban san me ke cikinsu ba. Na nemo wa Baba takalmansa cikin tudun nan, ya sa, muka hau kamyo.

Sai da muka bar gari ya yi magana, idonsa na kan gonakin da suka bushe.

"Ina ka sa shi?"

"Cikin tulu, Baba. Bayan rumbu."

"To. Ka yi dabara. Tunda kai ke yanke abin da ke fita daga gidan, gonar ma taka ce."

Ruwa ya sauka bayan wata biyu, mai kyau. Da sassafe na ɗauko tulun na tsaya a ƙofar ɗakinsa, domin tun ina yaro shi ke jefa ƙwayar farko. Na yi sallama sau uku. Yana ciki, ina jin tarinsa.

"Je ka shuka," ya ce. "Ai ka san hanya."