Yawon Lahadi a Tsohuwar Bola

Tani unguwarzoma ce, 'yar Kafanchan. Ba ta daɗe da kama aiki a Hadejia ba wani malamin firamare, Malam Yohanna, ya fara nemanta. Wata Lahadi da aka tashi daga coci ya ce zai kai ta sabon wurin shan iska da aka yi a bayan gari, wajen fadama. Da can kududdufi ne, in ji shi, aka cike shi da ƙasa, aka dasa darbejiya, aka fitar da 'yar siririyar hanya ta masu yawo, har da bencina.

Ta sa fararen takalmanta na Kirsimeti. Shi kuma ya rataya jaka da burodi da kifin gwangwani.

Tun daga bakin hanyar wari ya tarbe ta, irin na ruɓaɓɓen ƙwai.

"Malam, me ke wari haka?"

"Iskar kogi ce, Sista. Dubi tsuntsaye can, gwanin sha'awa!"

Ta duba. Ungulaye ne suka jeru a kan benci, sun yi masa kaca-kaca da kashi.

An yi ruwa kwana biyu da suka wuce, ƙasa sai lotsawa take kamar tsohuwar katifa. Ba su yi nisa ba ƙafarta ta dama ta nutse har ƙauri. Da ta zaro ta babu takalmi, sai baƙin taɓo mai ɗumi da fararen tsutsotsi suna motsi tsakanin yatsunta. Ga muƙamuƙin saniya ya leƙo daga ramin. Ashe nan mahauta suka yi shekaru suna zubar da ƙazantar mayanka, ƙasa kawai aka yafa a kai.

A ɗakin haihuwa babu abin da Tani ba ta gani ba, kuma ba ta taɓa yamutsa fuska ba. Nan kuwa ta dafa bishiya ta yi ta kwara amai.

Yohanna ya naɗe hannun riga, ya cusa hannu cikin ramin har gwiwar hannu, ya lalubo takalmin. Ya goge hannun a ciyawa, ya ƙarasa a wando. Sannan ya buɗe jaka, ya yagi burodi da wannan hannun, ya miƙa mata yana murmushi.

"Ci kaɗan, zuciyarki ta kwanta."

Ta kalli burodin, shatin yatsunsa baƙi ƙirin a jiki. Da ta ƙi karɓa sai ya jefa a bakinsa ya tauna.

Ta cire ɗayan takalmin ta koma gida ƙafa ba takalmi, yana biye da ita yana ba ta haƙuri, bai ma san laifinsa ba. Ta yi wanka da ruwan zafi har sabulu ya ƙare.

Da ya aiko abokinsa da maganar aure, ta ce a gaya masa mutumin kirki ne, Allah ya haɗa shi da wata.