Ƙaramin Yatsan Inno

"Wallahi ba za ka shiga ba," in ji Sadiya, ta tokare ƙofar ɗakin da hannu biyu. "Mace ce kwance a ciki, wanka za mu yi mata. Ko ɗan cikinta bai isa ya leƙo ba, balle kai."

Naziru ya ɗaga wayar da ke hannunsa. "Anti Sadiya, abeg, minti ɗaya ne fa. Yatsanta kawai zan ɗora. An ce in jiki ya yi sanyi wayar ba ta karɓa."

Da hantsi Inno ta cika, ko awa ɗaya ba a yi ba. Naziru ɗan ƙaninta ne, mai sana'ar POS a kusa da tashar jirgin Agege, kuma a wata ukun da ta yi tana jinya sau biyu ya leƙo. Yau kuwa ya riga kowa zuwa, ya riga kowa gano wayarta a ƙarƙashin matashi.

"Ba don kaina ba ne," ya ce, ya sassauta murya. "In banki suka ji ta rasu, shi ke nan, sai takardar kotu, sai wahala. Gara in juye komai a wajena in adana."

"Tana da 'ya. Fareeda na kan hanya daga Kano. Ita za ka adana wa, ko aljihunka?"

Sadiya ta saki labule ta shige ciki.

Shekara ashirin da biyu ƙofarsu na kallon juna a wannan gidan haya, ita da Inno. Aikin Inno ɓarar goro da wanke shi, tun tana budurwa, har ruwa da ɓawo suka cinye zanen yatsunta suka bar su sumul. Ranar da Fareeda ta aiko mata da wayar, Sadiya ce ta raka ta a buɗe mata asusu. Yarinyar bankin ta gwada babban yatsa, ta gwada manuni, ta bi na dama kaf, wayar ta ƙi. Sai da aka zo kan ƙaramin yatsan hagu, wanda bai cika shan aiki ba, sannan ta karɓa.

Abin dariya, Inno ce fa! Matar da duk layin aka sani da faɗa a kan hagu. Miƙa mata canji da hagu, ka sha wa'azi har ka manta inda za ka. Ta dubi Sadiya a fusace ta ce, "In kika faɗa wa wani, ban yafe ba." Tun daga ranar, in za ta biya mai shago, sai ta tura hannu cikin hijabi ta dangwala a ɓoye, sannan ta fito da wayar da dama ta kara a jikin na'urarsa, ta yi ƙit, ta wuce tana taƙama. Har ta fi matasa son abin. "Ba ɓarawon cikin motar danfo, ba yagaggiyar naira," haka take cewa.

Shekaranjiya, Sadiya na ba ta kunu, Inno ta riƙe mata hannu.

"Kin ji abin da aka yi wa Alhajin bayan masallaci? Yana kwance ba rai, 'ya'yansa na jan yatsansa a kan waya." Ta yi tari mai tsawo. "Ni da raina ba wanda ya taɓa riƙe mini hannu ya sa ni biya. Kar ki bari a yi mini haka, Sadiya. Abin da na bari, malamai su raba."

"Haba Inno, za ki tashi."

"Ke dai ki ce to."

Ta ce to.

Yanzu su biyu ne a ɗakin, ita da Safi matar Naziru, wadda ta shigo da sunan zuba ruwa. Sadiya ta fita ɗauko tafasasshen ruwa a kan risho don ta sirka. Da ta dawo, tun daga bakin labule ta ji ɗan gurnanin waya. Safi na durƙushe, ta zaro hannun Inno na dama daga cikin zane, tana danna babban yatsan a kan gilashin wayar Inno. Wayar ta girgiza, ta ƙi. Ta koma kan manuni.

Sadiya ta dire butar har ruwa ya fallatsa.

"Safi! Ke ma mace ce. Wata rana haka za ki kwanta."

Safi ta fashe da kuka. "Shi ya ce in gwada, Anti. Ya ce na dama ne, duk biyar ɗin."

Sadiya ta fizge wayar, ta mayar da hannun Inno ta rufe, ta ja hijabi ta fita har ƙofar gida. Maza na zaune a kan tabarmi, Liman Ɗan Azumi a tsakiya. Ba ta taɓa tsayawa gaban taron maza ba, amma yau kunya ta bar ta.

"Allah gafarta Malam, ga amana. Wayar Inno ce. A riƙe har Fareeda ta iso, a bi banki ta hanyar da ta dace, ko shekara za a yi."

Liman ya dubi Naziru, ya dubi wayar, ya sa hannu ya karɓa.

Naziru ya miƙe. "Ke kika raka ta banki. Kin san yatsan."

"Na sani."

"To wanne ne?"

"Ba zan faɗa ba. Ka kai ni duk inda za ka kai ni."

Jirgin ƙasa ya wuce da ƙararsa. Liman ya sa wayar a aljihun gaba, ya ce a hanzarta, ana so a yi sallah bayan azahar.

Sadiya ta koma ciki. Ta yi wa Inno alwala, ta wanke ɓangaren dama, Safi na zuba ruwa tana shessheƙa. Da aka zo hagu, ta ce wa Safi, "Je ki ɗakina ki ɗauko likkafani."

Sai a lokacin hawayenta suka zubo. Ta buɗe tafin a hankali, ta wanke yatsu huɗun nan masu sulɓi da goro ya rina. Ƙaramin na nan da zanensa tsaf. Ta wanke shi, ta tsane shi da gefen zane, ta kwantar da shi a jikin 'yan'uwansa, ta ja mayafi ta rufe.