Gishirin Talibamban

Tun ina yarinya nake da ƙyanƙyami. Kofin da wani ya sa wa baki ba na shan ruwa da shi sai na ɗauraye sau biyu. To, ni ɗin ce Allah ya haɗa da mijin da ya tashi da furfurarsa ya ce talibamban zai kiwata a falo.

Ritaya ce ta jawo. Wata takwas da ajiye aikin mijin nawa, Baban Aziza, ya zama shi da kujerar falo ba ka sanin wa ya fi wani motsi. Mutumin da a da ba a ajiye masa tuwo bai tanka wa miyar ba, ko yabo ko tsiya, ya koma yin loma uku ya ture kwano. Likita ya ce lafiyarsa ƙalau. Ni kuwa ina ganin wuyan rigarsa yana yi masa yawa, kuma tsoro nake ji ƙwarai.

Sai ya ga kifin a waya, wani kumburarren abu mai ido kamar na kwaɗo da haƙora a waje. Na ce a'uzubillahi, ya ce ai kyakkyawa ne. Cikin mako guda akwatin gilashi ya shigo gidanmu na Unguwar Dosa, da yashi, da injin tace ruwa mai gurnani, da buhun wani gishiri daga Legas wanda ya ce ba na miya ba ne.

"Wannan ba irin na kogi ba ne, Maimuna," in ji shi. "Inda kogi ke shiga teku yake zama. Ruwansa ba na daɗi ba, ba na teku ba, tsaka-tsaki."

Mako biyar akwatin yana aiki babu kifi, wai ruwa ne ke nuna. A tsakanin nan ya ɗauke robar da nake jiƙa gero ya zuba ƙananan dodon koɗi a bayan kicin, suna hayayyafa suna bin jikinta da yauƙi. Wai idan kifin bai tauna ɓawonsu ba haƙoransa za su yi tsawo su rufe masa baki. Ranar da na buɗe firij na tarar da jajayen tsutsotsi a daskare kusa da namana kuwa, sai da na yi amai. Amma na haƙura, domin na ji shi yana 'yar waƙa a banɗaki.

Akwai wani siririn gilashi da yake sakawa ya yi iyo a ruwan, ya nuna masa yawan gishiri. Ranar da ya tafi tasha karɓo kifin, ina goge tebur, gefen mayafina ya share shi ƙasa. Ya tarwatse.

Bayan la'asar ya dawo rungume da kula. Na faɗa masa tun bai ajiye ba. Ya dubi fasassun gilashin a cikin abin kwashe shara, sannan ya buɗe kular. Kifi biyu ne a leda, kowanne bai fi babban yatsa ba, sun kwana biyu a hanya. Ruwan ya yi rawaya, kashinsu na yawo a ciki, su kuma sun kwanta a ƙasa suna haki.

"Sai a juye su a akwatin mana," na ce.

"Sai gishirin akwatin ya zo daidai da na ledar. In tazarar ta yi yawa mutuwa za su yi. In na bar su a nan ma mutuwa za su yi." Ya ce wani ma'aunin sai an aiko daga Legas, kwana huɗu. Sai ya ce, "Ba komai," ya tafi ya zauna a kujerar nan, ya ɗora hannuwa a cinya.

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Irin zaman nan na san shi, wata takwas ina kallonsa.

Abu ɗaya aka san ni da shi a unguwa, shi ne harshe. Ko biki ake ni ake kira in ɗanɗana tukunya, in na ce a ƙara gishiri rabin cokali, rabin ne. Na tsaya a ƙofar kicin ina jin haushin kaina da na tuna da haka. Sannan na ɗauko cokali biyu da bokiti.

"Kwance ledar, Baban Aziza."

"Me za ki yi?"

"Kwance kawai, kafin hankalina ya dawo."

Warin ne ya fara dukana, ƙarni haɗe da zarni, kamar kwatar 'yan kifi a kasuwa. Na ɗebo daga sama inda babu kashi, na rufe ido, na yi bisimilla, duk da ban tabbata ana yi wa irin wannan ba. Ruwan ɗumi-ɗumi ne, yana da santsi a harshe. Na riƙe shi har na ji gishirin a ƙarƙashin ƙazantar, na tofar a bokiti, na kurkure baki. Sannan na ɗanɗana na akwatin.

"Naka ya fi. Sosai ma. Ledar romo ce, akwatinka miyar amarya ce."

Ya miƙe. Ya kwashe bokiti ɗaya daga akwatin, ya zuba ruwan da ya kwana a jarka wanda ba gishiri, muka jira injin ya gauraya. Na sake ɗanɗanawa, leda sannan akwati. Sau bakwai muka yi haka, hawaye na zubo mini, ɗaya daga cikin kifayen kuma yana juya ido yana kallona kamar ni ce abin ƙyama. A na bakwai na ce ya yi.

Ya riƙa ɗiga musu ruwan akwatin a leda kaɗan-kaɗan har aka kira magariba, sannan ya sake su. Suka nutse, suka daɗe a kan yashi. Can ɗaya ya taso yana kaɗa 'yan fikafikansa, ya je ya kama dodon koɗin da aka jefa musu. Daga inda nake na ji ƙarar ƙas. Na fita waje da sauri.

Na goge baki da makilin, na bi da aswaki, na tauna kanumfari. Cokulan biyu na jefa su a shara. Da na zo kaɗa miyar kuɓewa harshena ya mutu, komai na ɗanɗana salam nake jinsa, na yi ta barbaɗa gishiri.

Ya zauna cin tuwo yana fuskantar akwatin. Ya yi loma ɗaya ya tsaya.

"Maimuna, yau kuma teku kika dafa mana?"

Sama da wata takwas rabon da ya tanka wa miyata. Ni ko loma ban iya kaiwa baki ba, ƙarnin nan yana maƙogwarona. Na zauna ina kallonsa ya wuce loma uku, ya cinye malmalar, ya suɗe hannu, yana ta mitar gishiri. Sannan ya turo mini kwanon ya ce in ƙaro.