Ginshiƙin Tsakar Ɗaki

Ɗakin da ƙungiyar wasan kwaikwayon take gwaji tsohon sito ne a bayan wani shagon fenti. Mai shagon ya ba su aro don ba mai son hayarsa: a tsakiyarsa akwai ginshiƙin siminti mai kauri, wanda sai mutum biyu sun haɗa hannu kafin su zagaye shi. Duk wanda zai ratsa ɗakin sai ya karkace.

Wata da suke kira Anti ce ta kafa ƙungiyar. Nas ce a asibitin yara, ranar Asabar kuma takan zo da farin takalminta na aiki ta tsaya bakin ƙofa tana cewa, "Ku ɗaga murya! Na kujerar baya ma kunne gare shi." Ba wanda ya sa ta, ba mai biyanta. Wani da suke kira Kafinta ne ke haɗa musu kayan dandamali, kuma yaran duka sun san ba don son katako yake rufe shagonsa ranar Asabar ba. Anti ce kawai take yi kamar ba ta sani ba.

Cikin matasan akwai wata da suke kira Kurciya, 'yar shekara goma sha biyar, mai in-ina. Ta daɗe a ƙungiyar tana jan labule kawai. Wata rana aka rasa mai karanta wani layi, ta karanta tana tsaye da tafin hannunta a jikin ginshiƙin, maganar ta fito sumul kamar ruwa a indararo. Ta ɗage hannun, harshen ya sarƙe. Ta mayar, ya warware.

"To fa!" in ji Rediyo, wata doguwar yarinya da bakinta ba ya hutawa. "Ashe batirinki a nan yake."

Anti ta ba Kurciya babban matsayi a sabon wasan: ƙanwar da za ta roƙi mahaifinsu a ƙarshe ya buɗe ɗakin marigayiya mahaifiyarsu. Rediyo ce yayarta a wasan.

Mahaifin Kurciya mai gyaran agogo ne, ba shi da yawan magana. Sau ɗaya ya zo siton. Ya ƙare wa yaran kallo, ya matsa ya dafa ginshiƙin, sannan ya dubi Anti.

"Zan zo kallon wasan," ya ce a hankali. "In aka yi mata dariya, ta daina."

Ya tafi. Kurciya ta sunkuyar da kai. A duniya ba ta da inda ake jira ta gama magana ba tare da an ƙarasa mata ba, sai wannan ɗakin mai warin fenti.

Da ranar wasa ta matso, wata makaranta ta ba su aron zaurenta. Kafinta ya ce bari ya haɗa ginshiƙin katako a kafa a dandamali.

"Ina neman tsari da wannan abin, kai kuma za ka biyo ni da shi?" Anti ta ce. "Zai tare wa mutane gani. Kurciya ma ta haddace komai. Yaron da ba a sauke shi daga goyo ba, yaushe zai yi tafiya?"

"Yadda kika ce, ranki ya daɗe."

Ranar wasan ana jarrabawa a zauren, ba a ba su makulli ba sai da 'yan kallo suka fara taruwa a ƙofa. Ba su samu sun gwada dandamalin ba. Fili ne fetal, ba abin da ya tsaya a tsakiyarsa.

Aka ja labule. Yaron da ya fito a mahaifi, da gemun auduga, ya taho daga hagu zai je dama. Da ya kai tsakiya sai ya karkace, ya zagaye iska, ya wuce. Rediyo ta shigo da faranti, ita ma ta ɗage shi sama ta ratse gefe. Haka kowa ya riƙa yi. Ba wanda ya taka wurin. A layin gaba wata mata ta leƙa ta ga ko rami ne.

Anti ta kama kai a bayan labule. "Sun taho da ginshiƙin a ka."

Kafinta bai ce na faɗa miki ba. Ruwa ya miƙa mata.

Sai aka zo ƙarshe. Kurciya ta tako zuwa inda ta saba tsayawa, ta miƙa hannun dama ba tare da ta duba ba. Hannun ya faɗa iska.

"Ba... Ba... Ba..."

Ta tsaya, hannun yana rataye. Ta sake gwadawa, ya ƙi. Daga bayan zauren wani ya ƙyalƙyale da dariya, wasu biyu suka taya shi. A layi na uku mai gyaran agogo yana zaune, bai motsa ba.

A tsarin wasan Rediyo zaune take a kan tabarma. Sai ta miƙe, ta taka tsakiyar dandamali, wurin da ba wanda ya taka tun da aka fara. Ta tsaya ƙyam, ta sauke hannuwa, ta rufe baki. Kurciya ta dube ta, ta ɗora tafin hannu a kafaɗarta.

"Baba," ta ce, "ɗakin nan ba kabari ba ne. Ka buɗe ko labulen ya sha iska."

Ta yi jawabin har ƙarshe. Sau biyu harshen ya harɗe, ta danna kafaɗar ta wuce. Zauren ya ɗauki tafi.

Bayan an watse, Anti ta iske mahaifin Kurciya a bakin dandamali. Kurciya tana gefe, ta riga ta ninke kayan wasanta ta ajiye a kan kujera.

"Baba, an yi dariya, na ji," Anti ta ce. "Laifina ne. An ce a kafa mata abin dafawa, na hana."

Mutumin ya waiga hagu da dama kamar mai neman wani abu. Kafinta yana tsaye riƙe da tsani. Ya matso da shi, mai gyaran agogo ya kama ƙafarsa ya riƙe gam.

"Ni a a-a-aji biyu aka yi min," ya ce. "Ban ƙa-ƙara ɗaga hannu ba."

Kurciya ta ɗago kai.

"Ita kuwa ta ƙarasa jawabinta." Ya saki tsanin, ya ɗauki kayan wasan daga kan kujerar ya miƙa wa 'yarsa. "Riƙe a-abinki."

Rediyo ta ɓullo daga bayan labule tana murza kafaɗa. "Wallahi Anti na kusa fashewa. Gaba a nemi wani ginshiƙin, ni bakina ba zai iya ba."

Anti ta dubi Kafinta. "Na katakon nan fa?"

"Yana shago," ya ce. "Na riga na haɗa."